Ranar Gwaji a Gidan Betel

Lamont Pruitt ne ke ɗaukar faranti ranar gwaji. Kowa zai shiga bayi ya yi fitsari a 'yar roba, ya rubuta sunansa a kan murfi, shi kuma ya jera su ya kai wa ma'aikaciyar jinya a ƙarshen baranda. A Gidan Betel, inda coci ke gyaran mashaya, ba a ba kowa wannan aiki sai wanda aka yarda da shi.

Ranar Lahadi za a yaye shi. Zai tsaya gaban jama'ar coci ya ba da shaidar yadda Yesu ya raba shi da kwalba, kuma tsohuwar matarsa ta ce in ya kai ranar lafiya za ta kawo masa 'yarsa Kiara. Rabonsa da yarinyar tun tana rarrafe, ga shi yanzu har ta shiga makaranta. Dokar gidan kuwa duk wani mai kwanan titi a birnin Toledo ya san ta: fitsarinka ya nuna wani abu, ka kwashi kayanka.

Abin da ke cin ransa jana'izar mahaifiyarsa ce, shekaranjiya. A bayan coci wani ɗan kawunsa ya miƙo masa giya a kofin takarda, shi kuma kuka ya ci ƙarfinsa, ya kurɓa. Kurɓa ɗaya tak, Allah ya sani, sauran ya watsar a kan ƙanƙara. Amma ina ruwan roba da kukan maraya?

Da aka gama sujadar safe sai Fasto Kessler ya ce yau gwaji ne, kuma ba mazauna kaɗai ba.

"Har ni, har mai girki, har Ɗan'uwa Odell."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Tsoho Boone, wanda ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya daki tebur.

"A gwada Odell? Fasto, ai ruwan baftisma za ku gani!"

Odell ne mai kula da mazan gidan. Ya fi shekara goma bai taɓa komai ba, kuma rabin waɗanda ke ɗakin shi ya tsinto su. Lamont ma a ƙarƙashin gada ya same shi, kwance cikin amansa, ya saɓo shi a kafaɗa. Odell mutum ne da ba ya rabo da riga mai dogon hannu ko a zafin kicin, in ya shiga addu'a kuwa kansa kan sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirji, a daɗe ana jira. Mazan sukan ce ya tafi ganawa da Ubangiji ne.

Odell kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya bi layi, ya ajiye robarsa a faranti, sannan ya riƙa rungumar mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin tafiya. Ya cire rigar sanyinsa mai kyau ya yafa wa Boone. Daga baya an gan shi a ɗakinsa yana zuba littattafai cikin kwali.

Lamont ya ɗauki faranti. Barandar doguwa ce, da kwana a tsakiya inda ba mai ganin kowa. Ya fito ta ɗaya ɓangaren yana fito da baki, da rana kuma ya cinye wake da burodin masara har da neman ƙari.

Bai gama wanke kwanonsa ba aka ce Fasto na kira.

Fasto na zaune, Odell na tsaye jikin taga, fuskarsa jage-jage da hawaye.

"Fentanil, Lamont," in ji Fasto. "Ƙwayar nan mai kisa, ita aka gani a fitsarinka."

"Me?"

"Kuma ba kaɗan ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce abin mamaki ne ma da kake tsaye da ƙafafunka."

"Fasto, ni mashayin giya ne! Ban taɓa sa wannan abin a jikina ba, ko sau ɗaya!"

"Haka kowa ke faɗa, ɗana. Duk gidan nan kai kaɗai ne."

"Kowa ya fita tsaf?"

"Kowa."

Lamont ya juya ya dubi Odell. Yau ne ya fara lura da ƙwayar idonsa, 'yar mitsitsiya kamar tsinin allura, irin ta masu shan wannan ƙwayar. Odell ya kawar da kai.

"Ubangiji mai jinƙai ne," in ji shi. "Jinƙansa ya fi ƙarfin saninmu."

Duk abin da Lamont zai faɗa, ƙofar da za a nuna masa ita ce dai wannan ƙofar. Wa ma zai yarda da shi?

Odell ne ya riƙe masa jaka har bakin titi. Suna wucewa Boone ya tofar da yawu.

"Har kai, Lamont? Saura kwana nawa? Tir da kai."

A bakin ƙofa Odell ya ɗora masa hannu a ka, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya ce zai kira uwar Kiara da kansa ya gaya mata kada ta wahalar da yarinya ranar Lahadi. Sannan ya koma ciki ya fara mayar da littattafansa kan kanta.

Ƙanƙara na zuba, Lamont na tsaye a tashar bas ba tare da ya san wadda zai hau ba. Ashe kurɓar nan ba ta nuna komai ba. Robar da ta fito tsaf da sunan Odell tasa ce, domin a kwanar baranda, da hannunsa, ya musanya murfinsa da na mutumin da ya fi kowa tsarki a gidan.