Muryoyin da Aka Goge da Sunan Maimaici

Tun da ta yi ritaya daga gidan rediyo, babu abin da Anti Mai Shiri take ji da shi kamar wani ɗan akwatin ajiya na kwamfuta da bai fi sabulu girma ba. Aikin rayuwarta ne a ciki. Shekara da shekaru tana bin tsofaffin masu sana'a da rakoda, maƙera da masunta da ungozomomi, suna faɗa mata sirrin aikinsu.

Da kaset-kaset suka fara lalacewa, gidan rediyon ya juye su a kwamfuta, ya liƙa wa kowace hira kiɗan take iri ɗaya a farkonta, ya ba ta nata kwafin. Daga baya gidan ya rufe, kayansa suka watse. Na hannunta kaɗai ya rage.

Takan ɗauki akwatin tana jujjuya shi. "Ikon Allah," in ji ta. "Mutanen da ƙasa ta rufe, ga su nan suna hira a tafin hannuna."

Sai akwatin ya cika, domin ta sha kwafe abu ɗaya sau biyu sau uku saboda tsoron kada ya ɓata. Da ɗanta ya zo gaishe ta ranar hutu, ta kai masa kuka. Rubuta manhajar kwamfuta ne aikinsa, ita kuwa Injiniya take ce masa cikin tsokana.

"Umma, wannan ai kafin shayinki ya huce na gama," in ji shi.

Ya bayyana mata dabarar. Akwai wani lissafi da masu sana'arsu ke kira hash. Yana karanta fayil, ya fitar masa da wata 'yar lamba, kamar zanen yatsa. In lambobin fayil biyu suka zo ɗaya, sai a bar ɗaya a goge ɗayan.

"Ka ce har murya tana da yatsa?" Ta riƙe baki.

Ya yi dariya, ya danna. Rubutu ya riƙa gudu a fuskar kwamfutar kamar ruwan famfo. Ta zuba ido. Yaron da ta goya ne yau yake ba na'ura umarni tana bi.

"Kin gani? Kusan duk maimaici ne." Ya goge su. Da ya ga fili ya samu, ya zuba mata bidiyon jikokinta don ta riƙa kallo. Ta yi ta sa masa albarka har ƙofar gida.

Bayan 'yan watanni wata mata ta yi sallama, riƙe da hannun 'ya'yanta biyu. Ta ce ita 'yar wani mai haƙar rijiya ce da Anti ta taɓa hira da shi. Allah ya yi masa rasuwa tun kafin a haifi yaran.

"Anti, ko hotonsa ba mu da shi. So nake su ji muryar kakansu."

"Ai kuwa za su ji!" Anti ta jawo kwamfuta da murna. Ta tuna mutumin sarai, mai yawan tari da barkwanci.

Ta buɗe ma'ajiyar shirin. Fayil ɗaya ta gani, hirar wani masunci. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Sai ta kira ɗanta a waya.

Injiniya ya baro ofis a guje. Ya buɗe abin da ya rubuta, ya karanta, sai ya gane kuskurensa.

"Umma, na cuce ki." Ya juyo ya dube ta. "Don aikin ya yi sauri, farkon kowane fayil kaɗai na sa a karanta. Su kuwa duk da take ɗaya suka fara, shi ya sa lambarsu ta zo ɗaya. Ban sa a gwada su har ƙarshe ba. Ban ajiye kwafi ba."

Ba ta yi faɗa ba. Kallon akwatin kawai take yi, abin ya fi ƙarfin hawaye. Aikin da ya cinye ƙuruciyarta ya tafi kafin shayi ya huce, kuma tana zaune tana sa albarka.

Ya kai wa masu ceto bayanan kwamfuta akwatin. Suka ce bidiyon da aka zuba ya hau kan yawancin muryoyin, gutsattsari kawai suka tsamo. Anti ta kira matar, suka zauna suna saurare ɗaya bayan ɗaya. Can sai aka ji tari, sannan wata dattijuwar murya: "In ka ji ƙasa ta fara sanyi a hannunka, to ruwa..." Nan ta yanke.

Matar ta dafe ƙirji. "Baba ne! Wallahi tarinsa ne!" Ta jawo yaran jikinta. "Anti, sake sa musu."

Aka sake, aka kuma sakewa. Ƙaramin ya ɗaga kai ya ce, "To ruwa me, Mama?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Mai karatu, musamman kai mai rubuta manhaja: lambobi su zo ɗaya ba hujja ba ce cewa abu ɗaya ne. Ka gwada bayanan tun daga farko har ƙarshe, ka ajiye kwafi kafin ka goge, domin abin da gaggawarka ta kira maimaici wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani a duniya.