Marayan Bakin Rijiya

Babban limamin Nasara da ya sauka Gwaram tare da fatake ya ɗaga Salihu a bakin rijiya, jikin yaron zau da zazzaɓi. Tafinta ya tambaye ni, "Ɗanki ne?"

Ɗan farina ne, ga surukata tsaye. Ta yaya zan amsa? Na kau da kai na ce, "Oho."

Sai gani na yi limamin ya aza yaron kan jaki. Wai maraya ne, zai kai shi gidan marayunsu!

Na yar da tulu na kurma ihu: "Salihu! Ni na haife shi!"

Baturen ya miƙo shi har da magani, yana ba da haƙuri.

Surukata ta riƙe haɓa. "Kubra, sunansa kika kama a bainar jama'a? Kin gama da mu a garin nan."