Rakiyar Baba Nomau

Tun da aka kafa Dokar Rakiya, duk ɗan majalisar da ya goyi bayan korar baƙi sai ya raka ɗaya daga cikinsu zuwa kan iyaka da ƙafarsa. Na'ura ce ke zaɓa. Ta haɗa Honarabul Gwadabe da Baba Nomau, wanzamin da ya yi wa 'ya'yan Honarabul ɗin duka askin suna.

Suna tafe, abin hannun da hukuma ta ɗaura wa tsohon don sa masa ido yana yin ƙara duk taku ɗari.

"Na ji jawabinka a rediyo, ranka ya daɗe," in ji Baba Nomau. "Ka iya magana."

"Baba, yaƙi ake yi. Sojojinmu ba su da takalma, balle harsashi. Ƙasar da ba ta san wanda ke cikinta ba, ba za ta iya tsare kanta ba. Ko gobe haka zan sake faɗa."

"Shekara hamsin ina aske kawunan garin nan. Ni ban san wanda bai san ni ba."

Gwadabe ya karɓi zabirar kayan askin tsohon ya rataya.

A bakin shingen kan iyaka, abin hannun ya yi shiru ya kwance da kansa. Tsohon ya karɓi zabirarsa.

"Rakiya ta isa haka. Koma."

"To Baba, ka gaida gida," Gwadabe ya ce, kamar yadda ake ce wa kowane baƙo.

Baba Nomau ya dubi hanyar da suka biyo.

"Ai kai za ka can, ɗana. Kai za ka gaishe min da su."