Ɗigo Uku a Wuyan Lagireto

Baba Dalma ko tashi bai yi daga kan benci ba da aka kira shi ɓarawo. Butar shayinsa ya gyara wa zama a kan risho, tsohuwar butar da ya sha liƙe wa gindi, ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

Shekara arba'in da biyar yana gyaran lagireto a layin makanikai, ko ƙusa ba a taɓa cewa ta ɓata a shagonsa ba. Yau ga ɗan marigayi, wanda ya gaji motar ubansa, yana nuna shi da yatsa a gaban maƙwabta.

Motar kuwa ta ƙasaita ce, baƙa wuluk, ta girmi mai ita da shekara talatin. Wankin lagireto kawai aka kawo ta. Da aka kai ta baje kolin tsofaffin motoci, sai gwanin da ke tantancewa ya leƙa da tocila, ya girgiza kai.

Yanzu ga gwanin da kansa, littafi a hammata. Shekara tara ya yi yana bin irin wannan motar gida-gida, yana rubuta wane lagireto ke jikin wacce. Goma sha huɗu ya samu, duk sun taɓa zama a garin nan. Lagireton kowacce yana da ɗigo uku na dalma a ƙarƙashin wuya, inda murfi ke zama.

"Hatimin kamfani ke nan," in ji gwani. "Wannan ba shi da shi. An yi musanya."

"Ka fito da na ubana," in ji ɗan marigayi, "ko 'yan sanda su fitar da kai."

"Yaro, ubanka bai taɓa ɗaga mini murya ba," in ji Baba. "Wankewa na yi, na mayar. Wanda ya ƙera shi bai bar mini aiki ba."

Mai faci na shagon kusa ya matso ya raɗa masa ya ba da haƙuri a kashe magana. Ran tsoho ya ɓaci.

"Haƙurin me? In na bayar, na amsa sata ke nan. Wallahi sai dai a rufe ni!"

Gwani ya buɗe littafi, ya shiga yi wa jama'a lacca. Ya ce a da, in lagireto ya fashe, sai a yi wata takwas ana jiran jirgin ruwa ya kawo sabo, ga masu motocin ba su san jira ba. Shi ya sa ya yi mamaki da ya tarar da sha huɗun duk da nasu na asali.

"Ta likita tana ciki? Mai ruwan toka?" Baba ya tambaya. "Har yanzu tana ɗaukar zafi a hawa?"

Gwani ya ɗago kai. "Ina ka san ta?"

"Kai dai ci gaba da karatunka. Wanda ya riga ka barci, ya riga ka tashi."

Ɗan marigayi ya ga abin ya zama raini, ya ciro waya zai kira 'yan sanda. Mai walda ma ya kashe injinsa.

Baba ya sauke butar, ya tuntsurar da shayin a ƙasa, ya kifa ta a kan littafin gwani.

"Gani ya kori ji. Haska nan."

Gwani ya haska. A gefen facin gindin butar, ɗigo uku na dalma suna jere. Ya ɗago ya dubi Baba.

Baba ya juya wajen ɗan marigayi.

"Lagireto sha huɗun nan da hannuna na ƙera su, yaro. A duk waɗanda ya gani, na ubanka kaɗai ne na kamfani."