Man Kaɗanyar Matar Lebura

Ka ce arzikin birnin nan ya ninka, kuma ban musa ba, tunda ga shi a rubuce. Ina jin dai wanda aka aika ya raba shi gida-gida ne bai san unguwarmu ba. Zauna in ba ka misali.

An yi wani lebura da ya shekara ashirin yana hawa bene da kwanon kankare a ka. Duk asuba yakan zauna a mahaɗar titi da shebur ɗinsa cikin 'yan uwansa, har motar ɗan kwangila ta zo ta kwashe su. Siminti kuwa cin hannu yake yi, saboda haka kullum ya dawo da yamma matarsa takan shafa masa man kaɗanya a tafin hannu, ta bi tsaga-tsagar da yatsa. Ana nan sai gine-gine suka ƙara tsawo, aka kawo wata mota mai dogon hanci da ke tura kankare sama ita kaɗai. Ba ta hutun azahar, ba ta zuwa jana'iza. Aikin mutum arba'in ya koma na mutum uku. Leburan nan ya rasa aiki, amma bai iya faɗa wa matarsa ba. Sai ya ci gaba da fita da asuba, ya yini a mahaɗa yana kallon motoci, da la'asar ya bi ta bayan wani sabon gini ya tsinci buhun siminti da aka yar, ya kakkaɓe shi a wando da ƙafafu, ya shiga gida yana nishin gajiya. Ita kuma ta yi masa sannu da aiki, ta kawo ruwa, ta ɗauko man. Tuwo bai yanke ba. Ta ce masa hatsi ne ya yi sauƙi a kasuwa, shi kuma ya yarda, a garin da babu abin da aka taɓa ganin ya sauko sai ruwan sama. Ya lura kwanukan jerenta suna raguwa, ya lura igiyar shanya ta cika da kayan da ba nasu ba. Bai tambaya ba.

Bayan wata huɗu katangar wani gida ta faɗi a lungun da motar kankaren ba ta iya shiga, aka neme shi. Ya yini yana kwaɓa da ɗauka, ya dawo hannu duk ya tsattsage. Matar ta kama hannun ta daɗe tana dubawa, sannan ta lakuto man da yawa ta ce, "Sannu, maigida. Yau kam man ya sami wurin shiga." A nan ya gane. Ya tuna da ƙurar wando, ya manta cewa hannun da ya huta warkewa yake yi, kuma wata huɗu ke nan tana shafa mai a tafin da ya yi laushi kamar na ɗan kasuwa, ba ta taɓa rage ko yatsa ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa mata ɗaya hannun. Maganar ba ta sake tashi ba. Ginin da yake tsintar buhu a bayansa kuwa an gama shi, hawa goma sha biyu, har an sa hotonsa a jikin takardar da ka kawo mini.

Daga titi kowane rufi lafiyayye ne. Shi ya sa Hausawa suka ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.