Man Shanu a Hular Baba

Ina yarinya a Kwatarkwashi, zazzaɓi ya kwantar da Inna kwana tara, ba ta cin komai, har muka fara fid da rai. Ran nan da la'asar ta ɗago kai ta ce, "Malam, hoce nake marmari, da man shanu."

Baba ya ruga rugar Fulani, ya manta ƙwarya. Ya dawo da man a hularsa, rabi ya narke.

"Haba Malam," in ji Inna tana dariya, "ni ce mai marmarin, ba hularka ba."

Allah ya jiƙansu, har yau ƙamshin man nan yakan tsayar da ni. Hoce biyu ta cinye, ta suɗe yatsu, ta ce a ƙaro.