Hutun ta Baya

Tun da an ɗora miki jagorancin mutanen da ƙarfinsu ba ɗaya ba, bari in ba ki wani misali. A wani gari da ke gindin duwatsu akwai wata ungozoma da ta ƙware a keke, don da shi take zagaya ƙauyuka karɓar haihuwa. Matan zumunta su goma sha ɗaya suka sami kekuna masu faɗin taya da giyar sauya gudu, suka roƙe ta ta riƙa yi musu jagora zuwa kan dutse kowace Asabar. A cikinsu akwai 'yan mata da ke gangarowa a kan tsakuwa kamar shirwa ta hango ɗan tsako, akwai matsakaita, akwai kuma wata mai sayar da kunu, ta haura hamsin, wadda ba ta koyi keke ba sai bayan rasuwar mijinta. Ungozomar mace ce mai tsari. Hanyar mil bakwai ce, ta kasa ta zango-zango, ta sa doka a tsaya a gindin tsamiya, da bakin rafi, da kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutsen da ke can sama, kuma kada a tashi sai ta baya ta iso. Ba a taɓa karya dokar ba, ba a taɓa barin kowa a daji ba. Duk da haka, a Asabar ta biyar mai kunu ta ce ita ta haƙura, za ta sayar da keken. Abin ya ɗaure wa ungozoma kai. Ta karɓi keken ta matsa tayoyi, ta gwada birki, ta duba kaca da tsayin sirdi, ba ta ga aibu ba. Sai ta ɗaga gorar ruwan da ke maƙale a jikinsa, ta ji ta da nauyi. Cike take. Ga mai ita leɓe duk ya bushe. Me zai hana mai ƙishi shan ruwan da take ɗauke da shi?

Ungozomar ta lallashi mai kunu ta ƙara Asabar guda, ta sa wata a gaba, ita kuwa ta koma bayan mai kunu. Suka hau a hankali. Inda hawan ya yi tsanani suka sauka suka tura, rana tana dukansu. Kafin su kai tsamiya, sauran sun daɗe a inuwa, sun sha ruwa, gumi ya bushe, har an ɓare gyaɗa. Suna hango su sai ta gaban ta miƙe ta kaɗe zane, ta ce, "To, ga su Baba sun iso. Mu je!" Ungozoma ba ta ko sauke ƙafa daga feda ba aka tashi. Haka a rafi, haka a kan fa. Kalmomin nan kuwa na ungozomar ne, ita ta saba faɗinsu da fara'a, tana ganin ta cika alkawari. Ashe mafi ƙarfi ita ke samun hutu mafi tsawo, mafi rauni kuwa mako biyar tana taka mil bakwai a jere, ba ta taɓa zama ba, kunya kuma ta hana ta cewa a dakata. A kan fan nan ungozoma ta jingine kekenta ta zauna, ta ce daga yau ba isowar ta baya ake jira ba, za a jira ne sai ta bayan ta sha ruwa, numfashinta ya dawo, ta ce a tashi da bakinta. 'Yan matan suka yi ta ƙunƙuni, su ba su gaji ba. Gaskiyarsu ne, ba su gaji ba. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.